Juma'ar da Aka Bar Kwamfutoci a Kunne

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, ina roƙonsa ya tsare ni daga ƙari da ragi. Ku 'ya'yana, da ku jikokina da za ku iya karatu nan gaba, na sha jin ana cewa wai na tsallake ɗana namiji na miƙa sana'ata ga mace saboda son kai. Maganar ta zaga Wurno ta dawo har tsakar gidana, na ji ta da kunnena daga bakin wata da ta zo barka tana zaton barci nake yi. Ban tanka ba a lokacin. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni wuri ɗaya, lokaci har ya yi mini yawa, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance a shekarar da na faɗi da babur, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan faɗuwar ya fito.

Sunana na yanka Haliru, amma in kuka je Goronyo kuka tambayi Haliru sai a yi ta kallonku. Mai Filashi ake ce mini, saboda ɗan filashin da nake ratayawa a wuya da igiya kamar laya, wanda duk manhajojin da nake aiki da su suna cikinsa. Aikina shi ne kula da kwamfutocin 'yan kasuwa: masu shagunan taki da iri da maganin feshi, masu kantin magani, dillalan albasa da tafarnuwa da suka waye, da masu injin shinkafa. In an sayi sabuwa ni ke zuba mata manhajar lissafin kaya da ta buga rasit da ta kariya daga cutar da ke shigowa ta intanet. In masu manhaja sun fitar da gyara, ni ke bi shago shago ina sabuntawa, in soka filashi, in zauna in jira, in zare, in hau babur in yi gaba. Daga Wurno in bi ta Marnona, in gangara Rabah har Maikujera, wani zagayen in nufi Goronyo. Kada ku ji tausayina, don ni na san daɗin da na sha. Kowane shago akwai abin da ake ajiye mini. A Marnona fura ce mai sanyi, a Goronyo kifin madatsa ne soyayye da yaji, a Rabah kuwa labari ne, wanda ya fi su duka ƙosarwa. Innarku takan ce ita dai ba ta san abin da ta aura ba, injiniya ko maroƙi, tunda kullum na dawo da ciki a cike da baki a buɗe.

A daminar waccan shekarar, a wani gangare kafin Marnona, tayar gaba ta zame a laka, na tashi sama na dawo a kan ƙugu. Maɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, amma duka bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa ni da babur mun yi sallama. Na kwanta a ɗakin zaure ina kallon rufi, waya tana ta kuka a gefen filo. Wannan ya ce rasit ya ƙi fita, wancan ya ce kwamfuta tana ta nuna masa wani jan rubutu, wani ya ce yaron shago ya saka wasan ƙwallo komai ya tsaya. Ciwon ƙugu bai hana ni barci kamar yadda wayar nan ta hana ni ba. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron cewa sana'ar da na gina da hannuna, wadda da ita na ciyar da ku na aurar da ku, za ta fita daga gidan nan ina kwance ina kallo.

Ga inda nake so ku saurara da kyau, ku da kuka ji ana cewa an tsallake ɗana Sanusi. Shi na fara kira. Na cire filashin daga wuyana na rataya masa, ya kuwa karɓa da ladabi ya yi zagaye har sau biyu. Da ya dawo na biyun ya zauna a bakin gadona, ya cire igiyar ya ɗora mini a ƙirji.

"Baba, ka yi min aikin gahwara. Ni albasa nika ganewa. In na ɗauki ɗaya na matsa ta, na san ko za ta kai bazara. Wagga aba kuwa ina zaune gabanta kamar an ɗaure ni."

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, amma gaskiya ya faɗa, kuma ga shi yau rumfarsa ta fi ta kowa a layinsu. Ba a tsallake shi ba, shi ya matsa gefe da kansa.

Ana cikin haka labari ya iso mini cewa wani saurayi daga birni, mai jaka da kati a wuya, yana zagaya shagunana yana cewa kamfaninsu zai karɓi aikin gaba ɗaya. Ya fara da Alhaji Umaru mai injin shinkafa a Goronyo, kuma ya san abin da yake yi, don Alhaji Umaru shi ne babba a cikin masu hulɗa da ni, inda ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. Mutumin Wurno ne asalinsa, zaure ɗaya muka yi karatun allo da shi. Ya aiko mini da saƙo mai daɗi da ɗaci, wai ba zai juya mini baya ina kwance ba, amma kafin sabuwar shinkafa ta fara shigowa inji dole ya san matsayinsa.

A makon ne yayarku ta zo jinya daga Rabah, da goyo a baya da kwamfutar hannu a cikin jakar kayan jariri. Kun san ita ce 'yata ta fari, kun kuma san ni da innarku ba mu taɓa kiran sunanta ba, haka muka taras ana yi, haka muka yi. Ke nake ce mata, ko yarinyar nan, ko da ta haifi uku. Tun tana ƙarama take zama a bayana ina gyara, ta yi karatun kwamfuta har ta gama kafin aurenta, amma ni a kaina karatun nata ado ne, tunda sana'ar a kan babur take, ita kuwa ba za ta bi hanyar Maikujera tana shiga shagunan maza ba. Ta ji wayar tana kuka ta ji, ranar nan ta ajiye kwanon kunu ta dube ni.

"Baba, mi as sa sai an tahi da ƙahwa? Akwai manhajar da aka sa ma kwamfutoci, mutum shina zaune wuri guda shi tura musu duk abin da shika so, su saka da kansu, su sabunta da kansu."

Na san da irinsu, amma na ɗauka na manyan ofisoshi ne masu wuta dare da rana. Ta ce mu gwada mu gani. Ni na sa wa abin suna makiyayi, tunda aikinsa ya tattara kwamfutoci ya kora su mashaya, sunan kuma ya bi shi har yau.

Aka kwaso tsofaffin kwamfutoci uku da ke jibge a bayan ƙofa aka jera a ɗakina, ɗakin jinya ya koma wurin gwaji. Makiyayan da ta samo suna da yawa, amma a kan uku muka yi ta kai ruwa rana. Ni na farkon ya tafi da hankalina. Kyakkyawa ne, launi ko'ina, har da taswira da ke nuna kowane shago kamar tauraro, ina gani na ce shi ke nan an gama. Ba ta yi mini musu ba. Sai ta sa aka ɗauki kwamfuta ɗaya aka kai bayan gida kusa da garken awaki, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa kamar numfashin mai asma, ta ce ai shagunan Maikujera haka suke. Kyakkyawan nawa ya fara jawo manhaja, sabis ya yanke, ya koma farko, ya sake yankewa, ya sake komawa farko, har data ta ƙare bai kai rabi ba. Kuma kowace kwamfuta sai ta jawo nata daban, ko da su biyar ne a ɗaki ɗaya. Na biyun kyauta ne, ƙarfi gare shi kamar ingarma, amma baƙin allo ne da sai an rubuta masa umarni baƙi bayan baƙi, ka kuskure ɗigo ɗaya ka rushe shago goma. Ita ta iya shi, har ta ɗan so shi, ni na ce a'a, abin da mutum ɗaya tak ya iya a gida irin filashina ne da aka canza wa riga, ran da ta kwanta ciwo an dawo inda aka fito. Nan ta ba ni gaskiya, kuma na ji daɗi don na fara zaton ba ni da sauran amfani.

Na ukun ba shi da fasali ko kaɗan, kamar takardar asibiti. Amma a garken awaki, in sabis ya yanke sai ya tsaya ya jira, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kwamfuta ɗaya ke jawowa a shago ta raba wa 'yan'uwanta. Ana iya ware shaguna rukuni rukuni, masu magani daban, masu taki daban, kowa da manhajarsa da lokacinsa. In sabon gyara ya zo da matsala akwai hanyar mayar da kwamfuta yadda take jiya. Innarku, wadda duk kwanakin nan take shigowa da tsintsiya tana mita an cika mata ɗaki da wayoyi, ta tsaya ta ji muna gardamar ko a tura gyara ga kowa lokaci ɗaya.

"Ni dai ban taɓa zuba ma baƙi miya ban ɗanɗana ba," in ji ta. "Ku bar guda nan gida ta riƙa ci kahin a kai ma mutane."

Dama abin yana da wannan tsarin, yayarku ta nuna mata a allo, innarku ta ce to ashe mai abin yana da uwa. Kwamfutar ɗanɗano tana nan har yau a kusurwar ɗakina, duk abin da za a tura sai ta kwana da shi tukuna.

Muka tsaya a kan na ukun. Sanusi ya yi zagaye na ƙarshe da filashi, yana saka ɗan ƙaramin makiyayin a kowace kwamfuta, yayarsa tana gaya masa ta waya inda zai danna. Ta koma ɗakinta a Rabah, mijinta Malam Nasiru, Allah ya saka masa, ya ƙara mata faifan sola ya ce ta yi aikinta. Ni kuma na bar mutane a kan zaton ni ke sarrafa komai daga kan gado. Ban ce ni ne ba, ban kuma ce ba ni ba ne, don na san halin mutanenmu.

Sai ga matsalar da ba mu hango ba. Waɗanda suka ƙera abin sun saita shi ya yi aikinsa da tsakar dare, don a ƙasarsu kwamfuta kwana take a kunne. Mu kuwa ana sallar magariba an kashe inji, batirin sola ya rage na fitila da fanka, an zare komai daga bango. Makiyayi ya yi ta fita kiwo yana tarar da garke a kulle, mako ya zagayo ko ɗaya ba ta sabuntu ba. Muka mayar da shi safe. Ranar kasuwa a Goronyo, mai shagon taki yana tsaye manoma sun yi layi har titi, kwamfuta ta ce masa ya dakata tana gyara kanta, ta mutu ta taso ta sake mutuwa. Abin da ya gaya mini a waya ba zai rubutu a littafin da jikoki za su karanta ba. Muka duba yamma, lokacin ne sabis ke cunkushewa kowa yana kan waya. Ga kuma ranakun kasuwa sun sha bamban, yau nan gobe can. Muna neman lokaci guda da akwai wuta, akwai sabis, kuma babu mai taɓa kwamfuta, muka rasa. Shinkafa kuwa ta fara ja a fadama.

Wata Juma'a ina kwance, tunda lalura ta ɗauke mini zuwa masallaci, na ji abin da ban taɓa ji ba tun ina yaro, domin kullum a wannan lokacin ina cikin sahu. Na ji garin Wurno ya yi tsit. Babu babur, babu injin niƙa, babu mai talla, sai muryar liman daga nesa da kukan kurciya. Fankar sola a kaina tana gudu kamar za ta tsinke don rana tana tsaka. Na duba waya na ga sabis ya cika taf, tunda duk mazan gari sun sa nasu a aljihu. Na yi ta kallon fankar nan, sai dabara ta faɗo mini. Ana sallamewa na kira Rabah.

"Ke, na samu. Juma'a, daga kiran salla zuwa a taso."

Ta yi dariya irin ta innarta ta ce, "Baba, ashe karayar ga da amfaninta."

Sauran masu shaguna ba su ƙi ba, amma kowa ya ce sai ya ji ta bakin Alhaji Umaru. Shi kuwa ya zo dubiya da kansa, da buhun shinkafa a bayan mota. Na zayyana masa komai, yana saurare yana shafa gemu, har na kai kan Juma'a. Nan fuskarsa ta canza.

"Mai Filashi, kai ma ka sani, tun da nib buɗe wurin nan ban taɓa barin wani abu nawa shina aiki ba in an kira salla ran Juma'a. Inji nika kashewa, in zare waya, in ruhe kwamfuta da ƙyalle. An ce a bar ciniki a taho. Yanzu da hurhura kaka so in hwara barin shago shina nema min duniya ina cikin sahu?"

Ba rigima yake nema ba, tsoron Allah ne ya sa shi faɗa, shi ya sa ban iya yi masa gardama ba. Muka yarda a kai maganar gaban Malam Abdu, wanda a zauren mahaifinsa muka yi karatu, kuma dukanmu ba ma tsallake maganarsa. Aka cicciɓe ni aka sa a motar Alhaji. Malam yana zaune a kan buzu, almajiransa manya sun kewaye shi, ga wasu 'yan kasuwa da suka ji labari suka biyo mu. Ya saurari kowa har ƙarshe, sannan ya juya ga Alhaji.

"Umaru, in ka buɗe ma shinkahwarka ruwa ƙasan madatsa, ran Juma'a kana zuwa ka toshe shi kahin salla?"

"A'a, Allah gahwarta Malam."

"To ruwa ba a kira shi salla ba. Na'ura ma ba a kira ta ba. Kai anka kira, kai kuma ka taho. Ba saye taka yi ba, ba saisuwa taka yi ba."

Na fara sakin numfashi, ashe da saura. Malam ya juyo gare ni.

"Amma Haliru, abin ga in ya karkace tsakiyar aiki, akwai mai tsaronai?"

Na ce akwai, don dole wani ya zauna yana kallo, in wata ta ƙi ya tsayar ko ya mayar da ita baya kafin masu shago su dawo.

"In kai na, ban yarda ba. Ƙahwarka za ta yi sauƙi in Allah ya so, ka koma sahu. Ba ni son jikinka masallaci hankalinka shagon Umaru. Kuma duk namijin da kas sa, hukuncinku guda."

Ina iya cewa zan nemo wani, amma ƙarya ce, kuma a gaban Malam. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba, mutum da furfurarsa ya buɗe baki a cikin maza ya yi zancen 'yarsa ta fari, balle ya yabe ta.

"Ba ni na ba, Allah gahwarta Malam. Yarinyar nan ta, ta wajen Rabah."

"Wace yarinya? Rabah cike take da yara." Ya san sarai wadda nake nufi, ina ganin murmushi a cikin gemunsa.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗiyata ta hwari. Ita taz zaɓi abin, ita ka tahiyar da shi tun hwarko, kuma ta hi ni saninai nesa ba kusa ba."

Wani daga baya ya yi salati a hankali. Malam ya gyara zama ya ce ai shi ke nan magana ta ƙare, Juma'a ba ta hau kan mace dole ba, ta yi azahar ɗinta a ɗakinta ta duba aikinta, in mijinta ya yarda shi bai ga laifi ba. Aka mayar da ni motar Alhaji Umaru. Ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba.

"Wato mace za ta shiga cikin lissahina tana zaune Rabah."

Na gaya masa abin da ita ta gaya mini tun ranar da muke zaɓe, cewa ɗaya daga dalilanta na son wannan makiyayin shi ne ana iya ɗaure masa hannu, ya saka manhaja ya sabunta, amma bai ga ko buhu nawa aka sayar ba. Na ce in yana so a nuna wa ɗansa ya duba da idonsa. Ya tayar da mota ya ce Juma'a ɗaya ya ba ni, in ya dawo masallaci ya tarar da shirme, ranar Asabar zai kira yaron birni.

Ana jibi Juma'a, yayarku ta zo gida don mu saita komai. Abin yana da wani ɗan saƙo da yake bari a allo in ya gama, da sunan mai kula, don mai shago ya san wanda zai nema. Na leƙa na ga ta rubuta Malam Haliru Mai Filashi. Na ce ta goge. Ta ce to wa za a sa? Bakina ya ƙi. Na jawo kwamfutar kan cinyata, na goge nawa, na rubuta nata da yatsa ɗaya, baƙi bayan baƙi. Innarku tana tsaye a kaina, da ta ga abin da ke fitowa sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice tana cewa ita ba ruwanta. Yayarku ta ɗauki goyonta ta shiga gyara masa zani alhali a gyare yake.

Ranar Juma'ar ita ce ta farko da na koma masallaci, da sanda a hammata, Sanusi yana riƙe da ni. Na bar waya a ƙarƙashin filo da gangan, saboda maganar Malam. Ba zan ce muku hankalina bai leƙa Goronyo ba ko sau ɗaya, amma na kamo shi na dawo da shi. Muna shigowa gida na ji wayar tana kuka. Alhaji Umaru ne. Ashe ya bar kwamfutocin a kunne kamar yadda aka ce, amma bai iya barin ƙyallensa ba, sai da ya aika aka tambayo yayarku, ta ce ya rufe allon kawai ya bar akwatin ya sha iska.

"Mai Filashi, na ɗage ƙyalle. Ga abin da nig gani, bari in karanta maka. An gama sabuntawa lahiya. Mai kula, Hafsatu Haliru." Ya ja sunan a hankali kamar mai karanta wasiƙa. "Dut biyar ɗin haka sunka ce. Har rasit ɗin da ka wahal da mu ya hito."

Na ce alhamdu lillahi. Na fara tambayarsa ko akwai sauran abin da zan duba masa, ya katse ni.

"Firintar ohis na ciwo, amma bar shi, kai mi kas sani? Turo min lambar Hafsatu."

Ban taɓa jin daɗin cin fuska irin na ranar ba. A duk shagunan, kwamfuta ɗaya ce kawai a Maikujera ba ta amsa ba, shi ma mai ita ne hannunsa ya saba, ya zare waya ya tafi masallaci bai ma san ya yi ba.

Kada ku ɗauka ba a biya komai ba. Shaguna biyu sun bar mu, suka ce su ba za su kira matar aure a waya ba, ɗaya ya dawo da kansa bayan damina, ɗayan har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ni kuma na rasa hanya, wannan ne babban rashi, kuma har yanzu yana yi mini ciwo. Makiyayi yana kai manhaja Marnona cikin ƙiftawar ido, amma ba ya zama a sha fura da shi, ba ya jin wa ya haihu wa ya rasu. Akwai mutanen da na yi shekaru ina cin abinci da su duk mako, yanzu sai a taron biki ko jana'iza. Na gaya wa yayarku wannan, shi ya sa duk bayan sallar layya take sa Sanusi ya ɗauke ni a mota mu zaga shagunan, ba filashi ba komai, gaisuwa kawai. Ita kuwa aikin ya ƙaru a hannunta fiye da yadda na taɓa kai shi, har tana koya wa 'yan mata biyu na unguwarsu, kuma ta rubuta komai dalla dalla yadda in ba ta nan wata za ta iya zama a kujerar.

To wannan shi ne abin da ya faru, duk wanda ya gaya muku wani abu daban ku karanta masa wannan. Filashin yana nan rataye a ƙusa kusa da tasbahata, wanda ya so ya ɗauka bayan raina. Sunan nata kuwa har yau bakina bai furta shi ba, kuma na san haka zan koma ga Allah. Ba ya damuna. Duk Juma'a in an sallame, daga Goronyo har Maikujera, dattawa suna komawa shago su ɗage ƙyalle su karanta shi da ƙarfi a madadina.